Yawon gidajen zane a Chelsea ta New York: za a bar mu mu shiga, kuma ta ina za mu fara?

Tambaya: Ni direba ne, ina zaune a Bronx. Kusan kullum ina sauke fasinja a unguwar Chelsea, wajen babban titi na 10, ina ganin manyan ƙofofin gilashi da aka ce gidajen baje kolin zane-zane ne. 'Yata mai shekara 15 ba ta da aiki sai zane, ta matsa mini in kai ta. Ana biyan kuɗi? Ana barin irinmu su shiga? Ta ina za mu fara, kuma me za mu kalla?

Amsa: Malam, Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Ka kai ta. Ba a biyan ko sisi, ba a yankar tikiti, ba a neman izini, kuma babu wasu tufafi na musamman da ake sakawa. Ka tura ƙofa ka shiga, in ka gama ka fita, ba mai tambayarka me ya kawo ka. Na daɗe ina koyar da zane ina kuma kai ɗalibai wannan unguwa, kuma abin da ya fi hana mutanenmu shiga shi ne wannan tsoron ƙofar da ka ambata.

Abin da ya sa kallon yake kyauta shi ne wuraren nan shaguna ne. Gidan tarihi irin su Whitney ko MoMA yana tara ayyuka ya adana, yana karɓar kuɗin shiga. Su kuwa na Chelsea dillalai ne, kowane yana da masu zanen da yake wakilta, ya rataye sabon aikin ɗayansu na kamar mako biyar ko shida, ya sayar, ya sauke, ya rataye na wani. Kamar ɗan kasuwar Kantin Kwari ne da ya baza atamfa: mai saye ɗaya ne cikin ɗari, amma yana son ɗarin su wuce su gani, domin sunan kaya a bakin jama'a yake tashi. Dillalin yana bukatar ɗalibai da 'yan jarida da masu wucewa su cika masa ɗaki. Zuwanku yana cikin lissafinsa.

Sai dai ka kula da rana. Mafi yawansu suna buɗewa daga Talata zuwa Asabar, ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma. Lahadi da Litinin a rufe suke, kuma mutane da yawa sun sha zuwa ranar Lahadi su tarar da unguwar tsit. Tunda yarinya tana makaranta, Asabar ce taku. A Yuli da Agusta tsarin yana juyawa: da yawa suna koma Litinin zuwa Juma'a, wasu kuma su rufe gaba ɗaya a ƙarshen Agusta. Kakar tana buɗewa ne a farkon Satumba, kuma daga nan zuwa Nuwamba, sai kuma Afrilu da Mayu, su ne lokutan da manyan gidaje suke fito da abin da suke ji da shi. Tsakanin baje koli da baje koli gida yakan rufe na mako ɗaya ko biyu ana sauke wani aiki ana rataye wani. Saboda haka daren Juma'a ka ba yarinyar waya ta duba shafin gidajen da zan ambata, ko manhajar See Saw wadda take jera abin da ake nunawa unguwa-unguwa. Gidajen nan suna yawan ƙaura, kada ka dogara da adireshin da wani ya ba ka bara, har da ni.

Ka ajiye motar a gida. Na san magana ce mai nauyi a faɗa wa direba, amma kuɗin fakin a nan kai ma ka san shi, kuma unguwar ba ta buɗe wa mutum sai a ƙafa. Ku hau jirgin ƙasa na D daga Bronx, ku sauya zuwa C a Columbus Circle, ku sauka a tashar layi na 23 da ke babban titi na 8. Daga nan ku miƙe yamma, wajen kogi. Tafiyar minti goma ce. Da kun tsallaka babban titi na 10 kun wuce ƙarƙashin tsohuwar gadar jirgin ƙasa, kun iso. Wajen tsallakawa ka riƙe ta da kyau, masu kai abinci a kan keken lantarki ba su cika jiran danja ba, kuma ba a jin tahowarsu.

Duk abin da ake magana a kai yana cikin ɗan tsiri ɗaya: tsakanin babban titi na 10 da na 11, daga layi na 18 zuwa kamar na 28. Kowane layi tsawonsa bai wuce mita 250 ba, tsakanin layi da layi kuma kusan mita 80 ne. A taswira wuri ne ɗan ƙarami, shi ya sa yake yaudarar baƙo.

Kafin shekarun 1990 wannan tsirin gareji ne. Garejin tasi, wuraren gyaran mota, rumbunan ajiye kaya. Kasuwar zane a lokacin tana unguwar SoHo, inda Paula Cooper ta buɗe gidanta tun 1968. Da kantunan tufafi masu tsada suka mamaye SoHo haya ta tashi, sai dillalai suka fara neman wuri mai faɗi mai arha. Gidauniyar fasaha ta Dia tana cikin na farko, ta buɗe a layi na 22 a 1987. Matthew Marks ya biyo a 1994, Paula Cooper a 1996, Gagosian a 1999, David Zwirner a 2002, har adadinsu ya haura 300 a lokacin da abin ya kai ƙololuwa. Gareji ya dace da su saboda yana da rufi mai tsayi, ba ginshiƙai a tsakiya, ga ƙofar da babbar mota za ta shiga, ga daɓen kankare da zai ɗauki nauyi. In ka shiga ka ɗaga kai, a gidaje da yawa za ka ga ƙarafan rufin na da suna nan. Wannan tarihin ne ya sa ƙofofin suke da nauyi, ba allon talla, sunan gidan ma a rubuce da ƙananan haruffa a gefen gilashi. Ƙofar da ka ga kamar a kulle take, ka tura da ƙarfi.

Yanzu ga shawarar da ta fi duk sauran: kada ku yi ƙoƙarin ganin komai. Ido yana gajiya tun kafin ƙafa ta gaji. Bayan gida goma ko sha biyu, farin bango ya zama farin bango, mutum yana shiga yana fita ba abin da yake tsaya masa a rai. Na ga masu zuwa da takarda sun jera gida talatin, suna shiga suna ɗaukar hoto suna fita, da yamma ka tambaye su me suka gani su rasa ta cewa. Ku ɗauki layi uku kawai a zuwan farko: na 20, na 22, da na 24. In da sauran ƙarfi, ku leƙa na 26. Inda aiki bai yi muku magana ba, minti biyu ya isa, ku fita ba kunya. Inda ya kama ku, ku zauna masa rubu'in awa.

Ku fara daga layi na 20, domin a nan yarinyar za ta ga cewa mutanen yankinmu suna cikin wannan harka, kuma a sahun gaba. Gidan Jack Shainman, mai lamba 513, shi yake wakiltar El Anatsui a New York. Haifaffen Anyako ne a Ghana, a 1944, amma tun 1975 ya koma koyarwa a Jami'ar Nsukka, kuma a can ya yi ayyukan da suka fitar da sunansa duniya. Ba kullum aikinsa yake rataye ba, tunda baje koli juyawa yake, amma in kun dace, ga yadda za ku kalle shi. Ku tsaya daga bakin ƙofa tukuna. Abin da za ku gani wani makeken mayafi ne ya sauko daga saman bango, ja da ruwan zinariya da baƙi, yana da ninki yana da kumburi, yana walƙiya. Za ku rantse saƙa ce. Sai ku matso a hankali har ya rage taku ɗaya. Murafan kwalaben barasa ne. An buɗe kowane an daddaƙe shi ya miƙe, an yanka, an huda kusurwoyinsa, an ɗaure shi da na kusa da shi da siririyar wayar tagulla. Za ku iya karanta sunan kamfanin a jiki, ku ga inda wayar ta murɗe, ku ga wani murfin an naɗe shi kamar zobe wani an bar shi a shimfiɗe. Dubbai ne, kuma kowane hannun mutum ne ya ɗaure shi, domin matasa da yawa ne suke aikin tare da shi. Ya zaɓi murfin barasa da gangan: barasa tana cikin kayan da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma suna musaya har da bayi. Ya kuma yi aiki da murafan gwangwanin madarar Peak da tsofaffin magogin rogo. Wani abin kuma, ba ya tilasta yadda za a rataye aikin, masu ratayewa ne suke ba shi ninkin da suka ga dama, saboda haka aiki ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya a wuri biyu. Wannan tafiyar daga nesa zuwa kusa, sannan a sake ja da baya, ita ce rabin ilimin kallon zane. Ku yi wa kowane aiki haka.

Gidan nan dai shi yake wakiltar Toyin Ojih Odutola, wadda aka haifa a Ile-Ife a 1985 ta tashi a Alabama. Ita ce nake so 'yarka ta sani, domin da biro ta fara, biron nan na rubutu, daga baya ta ƙara da gawayi da fensir da alli mai launi. Yadda take zana baƙar fata, layi bisa layi har fatar ta riƙa ƙyalli kamar ruwa na gudana a kanta, darasi ne ga duk yaron da yake ganin ba shi da kayan aiki. Tana da jerin zane guda da ta gina a kan duwatsun jihar Filato, an nuna shi a Landan a 2020.

A layin nan da na 19 kuma akwai gidajen David Zwirner. Na layi na 20, mai lamba 537, ginin kankare ne da tagogin katako, aikin mai tsara gine-gine Annabelle Selldorf. Cikin waɗanda Zwirner yake wakilta akwai Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili ta hukumar NAFDAC, haifaffiyar Enugu a 1983. Ita ma aikinta sai an matso. Daga nesa falo ne, ga kujera, ga teburi, ga mace a zaune. Da ka matso sai ka ga bangon da kujerar da rigar duk an lulluɓe su da ƙananan hotuna daga mujallun Najeriya da albam ɗin gidansu, ta mayar da tawadarsu kan takarda. Wani aikinta an sayar da shi sama da dala miliyan 4 a gwanjo a 2022. Na faɗi kuɗin ne saboda iyaye da yawa sai sun ji shi suke yarda zane sana'a ce. Amma gaskiya ita ce irinta ƙalilan ne, yawancin masu zane koyarwa suke ko wani aikin su riƙe kansu. In kun ga dogon layin mutane ya zagaye ginin Zwirner, galibi aikin Yayoi Kusama ta Japan ake nunawa, ɗakin madubai da fitilu. Ana jiran awanni a shiga na minti ɗaya ko ƙasa da haka. A ganina ba da wannan ake fara yini ba.

Layi na 22 shi ne wanda na fi so, kuma aikin farko da za ku gani a can ba a cikin gida yake ba. Ku dubi gefen titi. Kusa da kowace bishiya akwai dutse baƙi-baƙi a tsaye, tsayinsa ya kai ƙugu ko ƙirjin mutum, ba a sassaƙa shi ba, ba rubutu a jikinsa. Dubban mutane suna wucewa suna zaton shingen hana fakin ne, wasu har keke suke jinginawa. Aikin Joseph Beuys ne, Bajamushe. A 1982 ya fara dasa bishiya 7,000 a garin Kassel, kowace da dutsenta. Ya rasu a 1986, aka dasa ta ƙarshe a 1987. Dia ta kawo aikin wannan layi a 1988 da bishiya biyar, daga baya aka ƙara. Tunaninsa shi ne ranar dashe dutsen ya fi bishiyar girma da kwarjini, amma dutse ba ya ƙaruwa, bishiya kuwa tana yi, har wata rana ta yi masa inuwa. Ka tsayar da yarinyar a nan ka tambaye ta ko wannan aikin fasaha ne. Duk amsar da ta bayar, ka nemi dalilinta. In ta ce a'a, ba laifi, an daɗe ana wannan gardama. Abin da nake so ta fahimta shi ne a wannan unguwa za ta haɗu da ayyukan da ba gwanintar hannu suke nunawa ba, tunani suke ɗauke da shi, kuma su ma akwai masu kyau akwai na banza.

A layin akwai Dia Chelsea, wadda aka sake buɗewa a 2021. Ita ba shago ba ce, ba ta sayar da ayyukan da take nunawa, shiga kuma kyauta. Takan ba mutum ɗaya ko biyu filin gaba ɗaya na watanni. Ga Matthew Marks, ga Hauser & Wirth a babban gini mai hawa-hawa kusa da babban titi na 11, ga Yancey Richardson mai harkar hotunan kyamara. Layin kaɗai ya isa safiya guda.

Da kun shiga kowane gida za ku ga dogon teburi kusa da ƙofa, da matasa a bayansa sun duƙufa kan kwamfuta. Ba za su gaishe ku ba, wataƙila ko kai ba za su ɗaga ba. Mu da muka saba da sallama abin yana yi mana zafi, amma haka suke yi wa kowa, har attajirin da ya zo saye. Ka ce musu sannu ka wuce. A kan teburin akwai takarda iri biyu. Ɗaya bayanin baje kolin ce, kyauta ce, ku ɗauka. Ɗaya kuma jerin ayyukan ce da sunan kowane da shekararsa da abin da aka yi shi da shi, domin a bango ba a cika manna bayani ba. Shawarata ku zagaya ɗakin tukuna kafin ku karanta. Takardar bayanin sau da yawa Turancinta a murɗe yake, an cika ta da manyan kalmomi, kuma in ka fara da ita sai ka shiga neman abin da ta ce maimakon ganin abin da ke gabanka. Ta biyun ta fi amfani ga mai koyon zane. Sanin cewa wannan gawayi ne a kan takarda, wancan fentin mai ne a kan yadin lilin, shi yake buɗe mata ido. Kuma ku yi tambaya. Matasan nan yawancinsu fasaha suka karanta, in yarinya ta ce musu yaya aka yi wannan, sau da yawa sai ka ga sun taso sun zo sun nuna mata.

Dokokin kaɗan ne. Ba a taɓa aiki, ko da ɗan yatsa, domin maiƙon hannu yana ɓata shi. Jakar goyo a sauke ta a riƙe a hannu, saboda juyawa ɗaya za ta iya goge zanen miliyoyi. Ba a shiga da kofin shayi. A riƙa duba ƙasa, wani aikin a daɓe yake. Hoto galibi an yarda in ba filasha, amma a tambaya. Ta zo da ƙaramin littafin zanenta da fensir, ban da biro mai tawada ko fenti. Ta zaɓi aiki ɗaya a yinin ta tsaya ta kwaikwaye shi. Hannun da ya bi layin wani yana gane abin da ido kaɗai ba ya ganewa, kuma minti goma na wannan ya fi hoto hamsin a waya.

Akwai maganar da ya wajaba in faɗa maka a matsayinka na uba. Wasu gidajen suna nuna tsiraici, wani lokaci ƙarara, kuma ba kullum ake sa gargaɗi a ƙofa ba. Maganin abu ne mai sauƙi: ku duba hotunan baje kolin a intanet tun a gida, ko kai ka fara leƙawa ita ta jira a bakin ƙofa, musamman ɗakunan bidiyo masu labule. In ba ku natsu da mutum-mutumi ko zanen mai rai ba, za ku iya cika yini da ayyukan da babu surar komai a cikinsu, launi ne da layi da siffa zalla, kuma Chelsea cike take da su. Sannan daren Alhamis, daga ƙarfe 6 zuwa 8, shi ne lokacin bikin buɗe sabon baje koli. Kowa yana iya shiga, mai aikin yakan kasance a wurin, amma ana raba giya, ga cunkoso, kuma ba a ganin zanen sai ƙeyar mutane. Ba lokacinku ba ne. Safiyar Asabar kafin sha biyu ɗakunan kusan naku ne ku kaɗai.

In rana ta yi tsaka ku huta. Gadar nan da kuka wuce ƙarƙashinta ita ce High Line. Jirgin kaya ne yake bi ta kai daga shekarun 1930 har 1980, aka yi watsi da ita ciyawa ta cinye ta, sai aka mayar da ita lambu, kashin farko ya buɗe a 2009. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 2. Akwai matakala a layi na 20, akwai lif a na 23. A sama akwai benci, kuma ana ajiye ayyukan fasaha a kan hanya. El Anatsui ma ya taɓa lulluɓe bangon wani gini tsakanin layi na 21 da na 22 da tsohon kwano da madubai, a 2012 zuwa 2013. Ranar Asabar da rana gadar takan cika da 'yan yawon buɗe ido har tafiya ta zama ja da ƙafa, don haka ku hau ku zauna ku sauka, kada ku ce za ku bi ta daga farko zuwa ƙarshe. Gidajen zane ba su cika ba baƙo banɗaki ba. Akwai na jama'a a kan gadar wajen layi na 16, akwai kuma a Chelsea Market, tsohuwar masana'antar biskit da ke tsakanin layi na 15 da na 16. Abincin unguwar yana da tsada, ku zo da guzurinku. Batun salla, masallacin direbobi na layi na 29 wajen Broadway kai ka fi ni saninsa, amma da ɗan nisa a ƙafa. In yanayi da kyau, ku tsallaka babbar hanyar bakin kogi ta wajen layi na 23, akwai fili mai ciyawa. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4:30, azahar da la'asar duk za su same ku a unguwar, ku yi lissafi da haka.

Kogin nan da yake ba unguwar haske ya taɓa yi mata ɓarna. A ƙarshen Oktoban 2012 guguwar Sandy ta turo ruwan Hudson cikin layukan, ya cika ɗakunan ƙasa da rumbuna, ayyuka masu yawa suka lalace. Wasu ƙananan dillalai ba su farfaɗo ba.

Layi na 24 shi ne na manya. Gagosian yana ƙarshensa wajen babban titi na 11, kuma a nan aka sha nuna ayyukan Richard Serra, wanda ya rasu a 2024: faifan ƙarfe masu tsatsa, sun fi mutum biyu tsayi, nauyinsu tan-tan, an lanƙwasa su ana shiga tsakaninsu. Mutum yana tafiya bangon ƙarfen yana karkatowa kansa yana kuma janyewa, har ya ji kamar ƙasa ce take motsi. Irin wannan aiki hoto ba ya ɗaukarsa ko kaɗan, sai jiki ya shiga. A layin kuma akwai Lisson, wanda aka gina a ƙarƙashin gadar kanta, da Luhring Augustine, da Marianne Boesky. A layi na 25 Pace yana da bene mai hawa takwas da ya buɗe a 2019. Waɗannan manyan gidaje sukan yi baje kolin da ya kai na gidan tarihi, har su aro tsofaffin ayyukan da ba na sayarwa ba, kuma duk kyauta.

Duk da haka kada girman ɗaki ya rufe muku ido. Farin bango mai tsayi da haske mai kyau suna sa kowane abu ya yi kama da mai daraja, kuma wani lokaci abin da ke ciki sunan mai shi kawai ake sayarwa. In 'yarka ta ce wannan bai yi mata ba, kada ka ce mata ai manya ne suka rataye. Ka tambaye ta me ya rasa.

Shi ya sa nake so ko sau ɗaya ku hau sama. Akwai tsofaffin benaye, kamar mai lamba 526 a layi na 26 da mai lamba 529 a layi na 20, waɗanda ƙananan gidajen zane suke cikinsu hawa-hawa. A zauren shiga akwai allon sunaye. Ku hau lif zuwa can sama, ku riƙa saukowa ta matakala kuna leƙa ƙofofi. Ɗakunan ƙanana ne, wanda yake zaune a teburin sau da yawa shi ne mai gidan, kuma yana da lokacin hira. Ayyukan a gauraye suke, wani ɗanye ne, wani kuma zai tsaya muku a rai fiye da duk abin da kuka gani a ƙasa. A nan ne yarinya za ta ga aikin wanda bai fi ta da shekara goma ba, ta ga cewa tazarar ba ta kai yadda take zato ba.

In kana son sanin farashi, ka tambaya a teburi, ba abin kunya ba ne. Ƙananan gidaje za su miƙo maka takarda. Manyan sukan yi nauyin baki, domin sau da yawa an riga an sayar da komai ga masu tarawa tun kafin a buɗe ƙofa. Jan ɗigo kusa da sunan aiki yana nufin an saya. Abin da aka saba shi ne dillali da mai zane su raba kuɗin biyu, kuma daga rabin dillalin ake biyan hayar ɗakin da kuke tsaye a ciki. Wurin da za ku iya saye da kuɗin aljihu shi ne Printed Matter, a babban titi na 11 daidai layi na 26. Shago ne na littattafan da masu zane suka yi da kansu, yana nan tun 1976 ko da yake ya sauya mazauni, kuma akwai 'yan ƙananan littattafai na dala kaɗan, wasu da injin kwafi aka buga su aka ɗinke da hannu. Ka ba ta dala ashirin ta zaɓa da kanta.

Gidan tarihi na Whitney yana ƙarshen gadar ta kudu, a titin Gansevoort, tun 2015. Ita ba za ta biya ba saboda shekarunta, kai ne za ka biya, amma ku ware masa wata ranar daban. Bayan mako shida kusan duk abin da kuka gani a Chelsea an sauke shi an rataye sabo, sai ku dawo ku ɗauki layi na 19 da na 21 da na 25. Daga baya kuma ku gwada unguwar Tribeca, inda gidaje da yawa suka koma tun wajen 2019 saboda hayar Chelsea ita ma ta tashi. Jirgin A ko C zai sauke ku a Canal Street, gidajen suna titunan Walker da White da Lispenard, ranaku da lokutan buɗewa kusan iri ɗaya ne.